Rin Tin Tin: karen ya fi sojojin iya wasa

Mai tura fina-finai na bakin layinmu na kai wa katin waya, na ce ya loda mini tsofaffin fina-finan kaboyi, irin waɗanda babanmu ke ba mu labari yana harbi da yatsa. Cikin abin da ya zuba har da kashi ashirin da 'yan kai na The Adventures of Rin Tin Tin. Mako biyu ke nan ni da yara muna kallonsa bayan sallar isha'i.

Shirin na gidan talabijin na ABC ne a Amurka, an yi shi daga 1954 zuwa 1959, kashi 164, kowanne kusan rabin awa, baƙi da fari. Labarin wani maraya ne, Rusty, da sojojin doki na sansanin Fort Apache a Arizona suka riƙe, shi da karensa. Lee Aaker ne ya fito a yaron, James Brown kuma Laftanar Rip Masters. Sojojin dai ba laifi, amma ba su suka hana mu barci ba.

Karen ne, Rinty, irin na Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke yawo da su. Ku lura da shi idan baƙo ya shigo sansani da daɗin baki. Kowa na murmushi ana gaisawa, shi kuwa kunnuwa a tsaye, ya rage tsawo, gurnani na fita ƙasa-ƙasa, ya matsa ya tsaya tsakanin baƙon da yaron. Ba ya haushin banza. Sai mugu ya kai hannu ga bindiga, ka ga kare ya tashi sama kamar an cilla shi, ya damƙi hannun. In kuma abin ya fi ƙarfinsa, ya ruga sansani ya dami manya har sai sun hau dawakai sun bi shi. Autana ya gano lagon shirin tun dare na uku. Da ya ga kunnuwan sun miƙe sai ya ce, "Baba, wannan mutumin ɓarawo ne." Bai taɓa kuskure ba.

Nan ne ma aibinsa. Da zarar ka san karen ba ya ƙarya, labarin ya ƙare, sauran duk jiran lokaci ne. Amma ni abin bai gundure ni ba, don na taso na ga karnukan 'yan farauta a ƙauyenmu, na san wannan tsayuwar ba ƙirƙira ba ce. Mu dai ba ma barin kare ya hau shimfiɗa, uwargida kuwa duk lokacin da Rusty ya rungume shi sai ta kau da kai ta ce, "Wannan yaro sai an wanke shi da ƙasa." Duk da haka ita ce ke tambaya ko mun kai kashi na gaba.

Sunan ma yana da asali. Rin Tin Tin na farko wani sojan Amurka, Lee Duncan, ya tsinto yana ɗan kwikwiyo a Faransa a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya zama tauraron kamfanin Warner Bros. zamanin fim marar magana, ya mutu a 1932. Na talabijin magadan sunan ne.

Abu biyu suka ɓata mini rai. Yadda ake yawan nuna 'yan ƙabilar Apache a matsayin maharan da ake jin tsoro, alhali ƙasarsu ce aka zo aka kafa sansani a kai. Sai da na tsayar da fim na yi wa yara bayani. Na biyu laifin mai turawar ne: kashi huɗu murya ta riga hoto, sai ka ji haushi kafin kare ya buɗe baki, ɗaya kuma ya yanke ana tsakiyar gumurzu. Na koma masa ya ce haka ya samo.

Ga mai yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, ya cancanci kuɗin turawa, Turancin ma ba sai an ji duka ba. Sai dai a shirya: autana yanzu kullum da safe "Baba, yaushe za a sayo mini kare?" Mahaifiyarsa ta ce tunkiya za a saya masa, ya sa mata Rinty in ya ga dama.