Tataccen furotin na waken suya da na fis: ya wadatar da wanda ba ya cin nama bayan tiyatar rage ƙiba?

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba yakan bar asibiti da umarni biyu masu wuyar haɗawa: ya ci kaɗan, kuma ya sami furotin mai yawa. A tiyatar da ake kira silib, likita yana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, ya bar siriri mai kama da ayaba. A ta baifas kuwa, inda ake raba saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, ɗan aljihun tumbin da ake bari bai wuce girman ƙwai ba, kimanin mililita 30. Duk da haka ƙa'idar da ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta Amurka, ASMBS, ta fitar tare da takwarorinta ta ce kada furotin ya gaza giram 60 a rana, kuma yana iya kaiwa giram 1.5 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayin mutum. Idan nauyin da ya dace da ku kilo 65 ne, lissafin zai iya kusantar giram 98.

Ga wanda abincinsa tsirrai ne zalla, nan gizo ke saƙar. Dafaffen wake giram 100 yana ba da furotin giram 8 zuwa 9 ne kawai, wato sai an cinye kusan giram 700 kafin a kai giram 60. Cikin da a makonnin farko rubu'in kofi zuwa rabi ke cika shi ba zai ɗauki wannan ba, ko da an raba shi sau shida. Idan kuma furotin ya gaza, jiki yakan koma ya ci tsokarsa, mutum ya rame ta inda ba a so, ƙarfi ya ragu, rauni ya yi jinkirin warkewa. Shi ya sa muka duba garin tataccen furotin na tsirrai, wanda masu sana'ar ke kira aisolet, musamman iri biyu da suka fi yawa a kasuwa: na waken suya, da na waken fis da ake haɗawa da na shinkafa.

Gari ne mai laushi, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa mai haske, da ɗan ludayin awo a cikin robar. An cire masa mafi yawan sitaci da mai da faiba. Na waken suya yakan kai kashi 90 cikin ɗari furotin, na fis kimanin kashi 80. Ludayi ɗaya na giram 30 ke nan zai ba da giram 24 zuwa 27. A dama shi a madarar waken suya mililita 250 marar sukari, wadda ita ma tana da kusan giram 8, sai a tashi da giram 30 da 'yan kai a kofi guda. Kofi biyu a rana sun kai mutum ga mafi ƙarancin abin da ake nema tun kafin ya taɓa abinci. A wannan aikin, garin ya cika alkawari, kuma ba mu ga abin da zai maye gurbinsa ba a watanni ukun farko.

Sai dai a kula da abin da ake damawa da shi. Madarar almon kofi guda furotin ɗinta bai wuce giram 1 ba, ta shinkafa ma haka ko ƙasa, ga zaƙi. Mutane da yawa suna cika ɗan cikinsu da su suna zaton madara duk madara ce.

A tsakanin biyun, na waken suya muka sa a gaba. Furotin ya ƙunshi amino asid, guda 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole a ci. Waken suya yana da dukkansu daidai gwargwado, har a ma'aunin inganci na PDCAAS yana kusa da makin ƙoli, kafaɗa da kafaɗa da furotin na madara. Daga cikin waɗannan amino asid, fis yana da ƙarancin metiyonin, shinkafa kuma tana da ƙarancin laisin, don haka ake haɗa su, galibi kashi 70 na fis da 30 na shinkafa, kowane ya rufe giɓin ɗan'uwansa. Haɗin yana da kyau ga wanda jikinsa ba ya karɓar waken suya. Na shinkafa shi kaɗai kuwa ba mu ba da shawararsa ba ga wanda ya dogara da gari ɗaya. Akwai kuma batun lusin, amino asid ɗin da ke tayar da aikin gina tsoka: a furotin na ruwan madara yakan kai kashi 10 zuwa 11, a waken suya da fis kimanin kashi 8. Maganin wannan mai sauƙi ne. Inda mai shan na madara zai tsaya a giram 25 na furotin a kofi, ku nemi giram 30 ko fiye kaɗan.

Yanzu ga laifuffukansa, kuma ba kaɗan ba ne. Na farko baki ne ke gane shi. Garin fis yana da ƙanshin ɗanyen wake da ɗan ɗaci a ƙarshe, kuma yana barin tsaki-tsaki a harshe kamar alli. Bayan tiyata ɗanɗano da jin wari sukan canza wa mutane da yawa, abin da aka sha da daɗi kafin tiyata ya koma mai tayar da zuciya. Don haka kada a sayi babbar roba tun kafin a shiga asibiti. A fara da ƙananan leda na gwaji, kuma a fi karkata ga marar ɗanɗano, domin shi ne ake iya sakawa a romon ganye ko a niƙaƙƙen abinci ranar da zaƙi ya gundure ku.

Na biyu, yana shan ruwa. Kofin da aka dama tsararo, idan ya yi minti 20 a ajiye sai ya yi kauri, alhali mai sabon ɗinki yana bukatar rabin awa zuwa awa guda kafin ya kurɓe shi. Ga yadda ake kauce wa wannan. A zuba ruwa ko madara mai sanyi cokali uku ko huɗu a kofi tukuna, a barbaɗa rabin ludayi a kai, a murza da bayan cokali har ya zama kamar ƙullu babu gudaji, sannan a riƙa ƙara ruwan kaɗan-kaɗan ana juyawa. Rabin ludayi a mililita 150 ya fi sauƙin shiga fiye da cikakken ludayi a 250, sai a yi haka sau huɗu a yini. A makonni biyun farko, lokacin abinci mai ruwa, a tace shi da mataci mai ƙananan ido, domin ɗan gudaji guda ya isa ya tokare ƙirji. Idan za a sa a romo mai zafi, a fara dama shi da ruwan sanyi, a sauke tukunyar ta ɗan huce sannan a juye. Wanda aka zuba kai tsaye a tafasasshen romo dunƙulewa yake yi.

Bilenda tana kawar da tsaki, amma tana cusa iska. Kumfar nan da ke tasowa a saman kofi, a ƙaramin ciki ita ce ke zama gyatsa da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. A bar kofin ya zauna minti biyar, a kwashe kumfar da cokali, a sha ba tare da bututun tsotso ba.

Kumburin ciki da gudawa da ake ɗora wa garin, sau da yawa kayan da aka ƙara masa ne ke jawo su. A juya robar a karanta jerin kayan haɗi. Sobitol, zailitol da maltitol, waɗanda ake sawa a madadin sukari, suna jawo ruwa cikin hanji su saki ciki. Inulin, faibar da ake cirowa daga saiwar cikori, tana ruɓewa a babban hanji ta haifar da iska. Sukari kuwa ya fi su haɗari, musamman ga mai baifas: idan ya zubo cikin ƙaramin hanji da gaggawa, cikin minti 10 zuwa 30 sai a ji bugun zuciya, gumi, jiri da murɗawar ciki, wani lokacin kuma bayan awa 1 zuwa 3 sukarin jini ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa. A nemi wanda sukarinsa bai kai giram 5 a ludayi ba. Sannan a yi ɗan lissafi: a raba giram na furotin da nauyin ludayin. Giram 24 cikin 30 ya ba da 0.8, wannan tatacce ne. Idan giram 15 ne cikin 35, fiye da rabin abin da kuke sha ciko ne, kuma cikinku ba shi da wurin ciko.

Garin fis yakan zo da sodiyam, sinadarin gishiri, mai ɗan yawa saboda yadda ake tace shi, mai hawan jini ya duba adadinsa a jikin robar. Tsirrai kuma suna zuƙar sinadarai masu guba irin su dalma da kadmiyam da asenik daga ƙasa, tacewa na iya tattara su wuri guda. Tun da abu ne da za a sha sau biyu a rana har watanni, muna ganin wajibi ne a zaɓi wanda wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya duba, irin masu hatimin NSF ko Informed Choice. Mai shan lebotairoksin na ciwon maƙoƙo ya bar tazarar awa 4 tsakanin maganin da waken suya, mai ciwon ƙoda kuma kada ya ƙara furotin sai likitansa ya yanke masa adadi.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda wasu ke ɗauka garin ya rufe komai. Babu bitamin B12 a tsirrai, kuma tiyatar ta rage ruwan tsamin ciki da sinadarin da ke taimakon tsotse shi, wato giɓi biyu a wuri ɗaya. Ƙa'idar ita ce maikrogiram 350 zuwa 1,000 a rana ta baki, ko allurar 1,000 duk wata. Sinadarin ƙarfe da ke cikin fis ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama, don haka bai maye gurbin miligiram 45 zuwa 60 a rana da ake rubuta wa masu silib da baifas da mata masu al'ada ba. Kalsiyam kuwa miligiram 1,200 zuwa 1,500 ne a rana, a raba shi biyu ko uku, a nisanta shi da na ƙarfe da awa 2, domin suna hana juna shiga. Wanda kuma amai ya hana shi riƙe ko da wannan kofin na kwanaki, ya koma asibiti ba tare da jira ba, saboda ajiyar bitamin B1 a jiki cikin 'yan makonni take ƙarewa, kuma ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Daga mako na shida zuwa na takwas, lokacin da aka koma abinci mai tauri, a fara mayar da nauyin kan faranti. Awara mai tauri da tempe, wato waken suya da aka tsima aka dunƙule, wanda giram 100 nasa ke ba da furotin kusan giram 20, sun fi wake cika lissafi a ɗan wuri. A fara cin su kafin ganye da hatsi, a tauna sosai, a dakata da shan ruwa har rabin awa bayan ci. A wannan matakin kofin garin shi ma a ƙidaya shi a matsayin abinci, a ba shi nasa lokacin tsakanin cin rana da na dare. A rubuta abin da aka ci na kwana uku a kai wa masanin abinci na asibiti. Idan faranti kaɗai yana kawo giram 40 zuwa 45, a rage zuwa ludayi ɗaya a rana, idan bai kai ba a ci gaba da biyu.