Shagon tura waƙa na Farm Centre da ke ajiye muryoyin da ba a sani ba

Masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano suna da yawa, kuma kusan kayansu iri ɗaya ne: sababbin waƙoƙin fim, na siyasa in zaɓe ya ƙarato, wa'azi, karatun Alƙur'ani, sai fassarar fina-finan Indiya. Shagon da zan yi magana a kai shi ma yana da waɗannan duka, amma ba su ke kai ni wurinsa ba. Abin da ke kai ni wata folda ce guda a kwamfutarsa, wadda ya ware wa mawaƙan da ba su yi suna ba. Ba ka jin su a rediyo, ba ka ganin su a Arewa24, wasunsu ko shafin YouTube ba su da shi.

Ni tela ne, a Gyaɗi-Gyaɗi nake ɗinki, kuma mai sana'ar zama irin tamu kunnensa ba ya hutawa. Daga safe har bayan isha'i akwai abin da ke tashi a 'yar sifikar da ke kan teburin yanka, lokacin ɗinkin sallah kuwa har asuba. Wanda ke sauraro haka, waƙar da ake yayi ba ta daɗewa take ginsarsa, musamman da yake yawancinsu fiyano ɗaya ne, kiɗa ɗaya, an kuma tace muryar da na'ura har ba ka gane ta wane daga ta wane. Neman abin da ya bambanta da wannan shi ya haɗa ni da wurin.

A gaskiya kiransa shago ma karamci ne. Rumfa ce 'yar ƙarama a cikin layi, teburi ɗaya, benci ɗaya mai ɗaukar mutum uku in sun matsu, laftof, manyan ma'ajiyai biyu da yake jonawa da kebul, da abin karanta memori da aka ɗaure da salatif. Mai wurin matashi ne, ya taɓa zama yaron situdiyo a Zoo Road yana buga fiyano, kuma daga can ya san ƙananan mawaƙa da yawa. Su da kansu suke kawo masa waƙoƙinsu, wasu a fulash, wasu ta WhatsApp, wasu su tsaya nan gabansa su tura ta Xender.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ya karɓar memori ya zuba maka abin da ya ga dama. Sai ya tambaye ka tukuna. "Yaya, me kake ji a shago? Na gargajiya ko na zamani? Kana son kalma ko kiɗa kake bi?" Da na ce masa kalma nake bi, sai ya miƙo mini babban abin sauraro na kunne, ya riƙa sa mini farkon kowace waƙa yana kallon fuskata. In ya ga ban motsa ba ya wuce, in ya ga na gyara zama ya bar ta ta ci gaba. Akwai mutane a bayana suna jiran a tura musu fim, bai hanzarta ni ba, sai ya haɗa musu nasu turin a gefe yana tafiya muna sauraro.

Foldar gari-gari ya tsara ta: Kano da kewaye, Zariya, Katsina, Gusau, Jos, sannan tsallaken iyaka Maraɗi, Damagaram da Agadas. A ɓangaren Kano na samu wasu samari daga Kurna suna hip-hop a kan wahalar ruwa da tsadar jarka a hannun 'yan garuwa, Hausarsu tsaf, amsa-amonsu bai karye ba har ƙarshe. Akwai sha'irai masu bege da mandiri, an ɗauke su a wurin zikiri ba a situdiyo ba, kana jin yadda jama'a ke amsawa. Akwai kukuma, akwai garaya, akwai kalangun wurin dambe. Na Agadas jita ce irin ta Buzaye, ba na jin yaren, amma ita nake sawa in dare ya yi nisa idanu sun fara nauyi a kan keke.

Wadda ta fi zama mini a rai ta wani mai gurmi ce daga wajen Dambatta. Da waya aka ɗauke ta, a tsakar gida, domin kana jin zakara ya yi cara a baiti na biyu, can kuma wata mata ta kira yaro. Waƙar a kan manomin da ya ci bashin taki damina ta yi masa gardama. Ba shi da 'yan amshi, shi ke bayarwa shi ke karɓa, kuma akwai wurin da muryarsa ta ɗan shaƙe ya yi gyaran murya ya ci gaba, bai sake ɗauka ba. Tsirkiyar gurmin tana da wani ɗan zuzu da ke biyo bayan kowane bugu, abin da fiyano ba ya iya kwaikwaya. Yaran shagona da farko dariya suka yi, yanzu ƙaraminsu ya haddace ta, yana rerawa yana guga. Tun rasuwar Ɗan Maraya Jos a 2015 ake ta cewa makaɗin da ke zama shi kaɗai da abin kiɗansa ya faɗi gaskiyar talaka ya ƙare. Wanda ya saurari wannan folda zai san suna nan, hanyar isowa kunnen mutane ce ba su da ita.

Wani abu da yake yi wanda ban ga na biyunsa a layin ba: yana rubuta suna. Duk wanda ke karɓar waƙa ta WhatsApp ya san yadda take zuwa da wasu haruffa da lambobi, AUD kaza WA kaza, in ta bi hannu biyar babu wanda ya san mai ita. Shi sai ya goge wannan ya rubuta sunan mawaƙin, garinsu, da kan waƙar. In bai san mai ita ba, ya rubuta garin da ta fito da wanda ya kawo ta. Kuma ba ya liƙa tallar shagonsa a tsakiyar waƙa kamar yadda wasu ke yi, kana cikin jin daɗin baiti sai wata murya ta faɗo tana kiran sunan shago. Wannan kaɗai ya isa in yaba masa.

Za a ce ai ga Audiomack, ga Boomplay, ga TikTok, me ya kai mutum kasuwa cikin rana? Ina amfani da su, kuma Audiomack ya taimaki yara da yawa tunda ɗora waƙa a kansa kyauta ne. Sai dai a can sai ka san sunan da za ka nema, in ba haka ba abin da kowa ke ji shi za a turo maka. Ga kuma kuɗin data, wanda tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 ya ƙara nauyi a aljihu. Waƙar minti biyar mai matsakaicin inganci ba ta wuce megabait 5 ba, memori mai giga 8 zai ɗauki sama da 1,000, ka saurara shekara guda ba ka sayi data ba. Kano dama ta saba da waƙa mai tafiya hannu da hannu. Daga kaset da faifan CD na Ƙofar Wambai aka koma Bluetooth, kuma waɗanda suka yi wayo a 2009 za su tuna lokacin da wata kotu a garin nan ta haramta waƙoƙi 11, suka ci gaba da yawo daga waya zuwa waya.

Wurin yana da nasa aibun. Ingancin sauti ba ɗaya ba ne: wata waƙar tana fita tangaran, mai bi mata an matse ta har kiɗan ya dushe, wata ƙasa-ƙasa, ta gaba kuma ta fasa maka kunne, kullum hannuna na kan maɓallin ƙara murya. Mutumin da ya zauna a situdiyo ya san yadda ake daidaita wannan, ya kamata ya ba shi lokaci. Ƙarar janaretocin maƙwabta ma tana hana sauraro da rana tsaka. Waƙoƙin mata kuma kaɗan ne ƙwarai a foldar, 'yan amada ne da shantu da ba su taka kara sun karya ba, alhali kowa ya san irin waƙar da ake yi a cikin gidaje ranar biki da suna. Ya ce mata ba sa kawowa. Na yarda, domin layin cunkoson maza ne, mace ba za ta so zama a wannan bencin ba, amma wanda ya iya samo jitar Agadas zai iya aika ƙanwarsa ta samo masa na cikin gari.

Babban abin da ke damuna shi ne kuɗi. Naira 500 na ba shi ya cika mini abin da na zaɓa, kuma ko sisi ba ya isa hannun mai gurmin nan. Na yi masa maganar. Ya ce, "Yaya, su suke roƙona in yaɗa. Ba a turi suke ci ba, a biki suke ci." Akwai gaskiya a ciki ga waɗanda suka kawo da hannunsu. Amma na Maraɗi da Agadas da suka biyo ta hannun direbobi fa, wa ya tambaye su? Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023, sai dai ni ba tsoron doka nake nuna masa ba, haƙƙi nake tuna masa. Wani ƙaramin kamfanin faifai na Portland a Amurka, Sahel Sounds, ya fitar a 2011 da tarin waƙoƙin da aka kwaso daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, ya kuma bi sawun mawaƙan aka ba su kasonsu. In mutumin da ya taso daga wata nahiya ya iya wannan, mu da muke mota ɗaya tsakaninmu da Dambatta ba mu da uzuri. Ko naira 50 ya ɗora a kan kowane turi ya ware musu, ni zan biya da daɗin rai, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Abin da yake yi musu a yanzu shi ne wani littafi mai bangon kwali da yake ajiyewa a aljihun teburi, inda mawaƙan da suka yarda suke barin lambarsu. In waƙa ta yi maka, kana da biki ko suna ko walima, sai ya haɗa ku, ba ya karɓar la'ada. Ta nan muka samu masu amadar da suka yi wa 'yar yayata kiɗan ƙwarya a bikinta, kuma a wurin wasu gidaje biyu suka karɓi lambarsu.

Mai niyyar zuwa ya je da hantsi kafin kasuwa ta cika, ko bayan la'asar. Ya tafi da memorinsa da ya yarda da shi, domin na jabu sun yi yawa, a rubuta giga 32 a jiki amma ka zuba kaɗan ya fara cinye waƙoƙi. Ya kuma faɗa masa kai tsaye cewa foldar sababbin mawaƙa yake so, in ba haka ba zai ɗauka na fim aka zo nema kamar kowa.