Hattara: wani bakanike a Katsina ya sayar mini da injin motata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in yi shiru, sai da na ji wani bawan Allah ma ya faɗa hannun mutumin nan, sannan na ga shirun ya zama laifi. Ba zan kama suna ba don magana tana gaban manya, amma ga yadda yake yi.

Ina da Peugeot 406, da ita nake zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina. Wata Alhamis, na wuce Mashi kaɗan, ina tafiya lafiya lau, sai mota ta mutu. Ba hayaƙi, ba zafi, in ban da wata 'yar ƙara da na ji daga gaba. Na gangara gefe na yi ki, sai na ji inji yana juyawa da sauri, sakayau kamar babu komai a cikinsa. Na sake, na sake, har sau biyar. Ashe ko sau ɗaya bai kamata in yi ba.

Aka jawo ni Katsina, wanda ya jawo ni ya ce ya san wani gwanin Peugeot. Mutumin ya kwance murfin da ke gefen inji, ya zaro belin tayimin a tsinke, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, inji ya buga. Ita 406 in ta tsinke bel, ba ta da gyara sai sauyi." Ko minti goma bai yi a kanta ba, ko filogi ɗaya bai cire ba. Ya ce yana da mutum a Kano, an sauke masa injinan Beljiyam. Na ce mu je tare, ya ce kada in wahalar da kaina. Na ba da kafin alƙalami, washegari ya turo hoton wani inji ta WhatsApp, na cika kuɗi. Sai da na sayar da raguna biyu da nake turke don Sallah, na kuma ci bashi.

Bayan kwana 9 na zo na tarar da inji tsaf, an wanke shi yana ƙyalli, ga rubutu da fenti ruwan ɗorawa a jikinsa irin na kayan Kwatano. Na tambayi ina tsohon injina, ya ce ai ya zama bola, yara sun kai wa 'yan gwangwan, ya miƙo mini ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Mota ta tashi garau, har da godiya na yi masa.

Wata huɗu bayan nan ta fara zubar da ruwa. Na kai wa dattijon da ke duba mini ita a Daura tun da na saye ta. Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka an canza injin nan?" Na ce, "Baba, da kuɗina na saya." Ya nuna mini wani noti a jikin bulok ya ce shi ya sa shi da hannunsa shekara biyu da suka wuce, lokacin da na asalin ya ci. Ya sa na ɗauko takardun mota, ya goge bulok da tsumma. Lambar injin da ke takarda ita ce a jikin ƙarfen, ba ragi ba ƙari. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Abin da mutumin ya yi shi ne, ya sauke top silinda, ya canza bawul ɗin da suka lanƙwashe, ya sa gasket da bel, ya wanke injin ya zana masa fenti. Ko wata-famfo, wato famfon da ke zagaya ruwa a inji, bai canza ba, alhali bel ɗin ne ke juya ta, ita ce ma ta tona masa asiri.

Baba ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da na so a ce na ji tun farko. Belin tayimin shi ke haɗa tafiyar karanshaf da kamshaf, na ƙasa ya juya sau biyu, na sama sau ɗaya, don bawul ta rufe kafin fistin ya iso. In ya tsinke, bawul sukan tsaya inda suke, fistin kuwa ya ci gaba da hawa, ya doki waɗanda suka rage a buɗe. A inji irin nawa mai bawul 16, wasu za su lanƙwashe, shi ya sa ki ɗin ya yi sakayau, iska tana zurarewa. Amma akasari ɓarnar a sama take tsayawa. Fistin yakan sami ɗan tabo ne kawai.

Kuma akwai yadda ake ganewa, ba duba ba ne. A cire filogi huɗun, a zura 'yar kyamara ta ramin a ga kan fistin da bangon silinda. A buɗe murfin sama a duba. Wasu sukan ɗaura wani bel a daidaita maki, a juya inji da sifana a hankali, in bai cije ba a sa geji a auna matsin kowace silinda. Ko a hura iska ta ramin filogi a saurara: in ta fito ta salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne, in ta wajen shan iska, na shiga ne, in ta bakin zuba baƙin mai, to abin ya taɓa ƙasa. Gaskiya akan samu kan bawul ya karye ya huda fistin ko ya kankare silinda, a nan sauyin inji yana da hujja. To amma wannan abu ne da za a sauke top a nuna maka da idonka.

Ba ma kowace mota ce ke yin wannan karon ba. Camry mai inji 2.2, ta 1997 zuwa 2001, in bel ya tsinke fistin ba ya kaiwa ga bawul, sabon bel ake sawa a tafi. Corolla mai fetur ta 2003 zuwa 2008 kuwa sarƙa gare ta, duk wanda ya ce maka belin tayimin ɗinta ya tsinke, ɗauke motarka.

Na koma Katsina da Baba da takarduna. Da farko ya rantse, ya ce kuskuren masu takarda ne. Da Baba ya ce ya kawo rasit ɗin Kano ko ya kira mai injin a gabanmu, sai ya koma "Alhaji, a rufa asiri." Muka kai magana wurin shugabannin kanikawan wurin, ya amsa laifinsa, aka cire kuɗin aikin da ya yi na gaskiya, wanda bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya karɓa ba, aka ce ya dawo da sauran. Rabi ya biya har yau.

Bawan Allahn da na ambata da farko, Honda gare shi, irin kalaman da aka yi mini su aka yi masa, har da hoton WhatsApp. Na ce ya je ya duba lambar injinsa kafin ya cika kuɗi. Jiya ya kira ni, ya sa an jawo motar daga garejin, injin yana nan a cikinta, an riga an fara wanke shi.