Albarushin StaBall 6.5 bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya a hannuna

Na taso a gidan maharba. Kakana yakan zauna a zaure ya ɗura adakarsa da baƙin albarushi, ya danna tsumma da sandar ƙarfe, in ya harba kuwa hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin abin da aka harba. Da zama ya kai ni jihar Minesota ta Amurka, na samu lasisin farautar barewa, sai na tarar maharban can da yawa ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe. Sukan tara kwanson da suka harba, su wanke, su sake ɗurawa da hannunsu, kuma doka ta yarda. Shekara shida ke nan ina yi wa bindigata mai cin harsashin 6.5 Creedmoor haka.

Kafin bara, albarushin H4350 nake amfani da shi, na kamfanin Hodgdon da ke Kansas, wanda ake sarrafawa a Ostireliya. Albarushi ne mai amana, zafi ko sanyi ba sa sauya masa hali sosai. Sai dai ƙwayoyinsa dogaye ne, kamar taliyar da aka kakkarya ƙanana, don haka kowace ɗura sai na ɗora a sikeli ina ƙara ƙwaya ɗaya-ɗaya har allura ta tsaya. Harsashi hamsin kan cinye mini daga bayan isha'i har wajen sha ɗaya na dare.

A 2020 da 2021 albarushi ya yi ɓatan dabo a shaguna. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin gwaji ya ce mini, "Ɗana, gwada sabon nan na kamfanin Winchester, StaBall 6.5, ba za ka yi da-na-sani ba." Na daɗe ina jan ƙafa, saboda abin da kowa ya sani game da albarushi mai ƙwayoyi kewayayyu irinsa shi ne yana bin yanayi: da zafi ya yi fushi, matsin cikin bindiga ya hau, da sanyi ya yi kasala, harsashi ya faɗi ƙasa da inda aka nufa. A garin da Yuli ke kai digiri 30, Nuwamba kuma ruwa ya daskare a kwano, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masu StaBall 6.5 sun ce shi ne na farko a irinsa da aka magance wa wannan matsala. Bara na sayi kwalba ɗaya mai fam guda, wato giram 454.

Ranar da na buɗe ta na zuba kaɗan a tafin hannu. Ƙwayoyin ba su kai acca ba, suna sheƙi, suna gangarawa kamar yashin rafi. Na zuba a ma'aunin juyawa, mai fitar da awon ɗura ɗaya a kowane juyi, na juya sau goma, kowanne na ɗora a sikeli. Allura ta riƙa komawa kusan wuri guda. Babu wannan ƙaras-ƙaras da ma'auni ke yi idan ya datse doguwar ƙwaya. Daren nan na gama hamsin, na share tebur, na tarar yara ba su yi barci ba tukuna. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Na fara daga ƙaramin awon da Hodgdon, masu sayar da albarushin Winchester, suka wallafa, ina hawa sannu a hankali, ina duba gindin kowane kwanso ko akwai alamar matsi ya yi yawa. Ba zan rubuta awona a nan ba, don kowace bindiga da halinta, kuma awon wani ya sha raunata wani. A watan Yuli, a yadi 100, harsashi biyar suka taru a wurin da ƙwandala za ta rufe. Na ajiye ragowar ɗurin nan a akwati har Nuwamba. Ana jajibirin buɗe farauta na koma filin da asuba, yatsuna sun ƙage don sanyi, numfashi na fita kamar hayaƙi. Na harba uku. Suka sauka ƙasa kaɗan da na Yuli, bai kai kaurin yatsa ba, abin da ko barewa ba za ta san da shi ba. Kwana biyu bayan haka, a dajin arewacin jihar, harbi ɗaya ya isa, na yanka da bismillah, muka raba nama gida huɗu.

An kuma sa wa StaBall sinadarin da ke rage jan ƙarfen da harsashi ke gogawa a cikin bututu. Tsummokin wankina sun rage fitowa da shuɗi, kuma na ji daɗin hakan, don wanke bindiga ba aikin da nake ɗoki ba ne. Abin lura ɗaya: ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, in hannu ya kuskure sai su watsu ko'ina, shi ya sa nake aiki a kan faranti. A 2023 kamfanin ya fito da ƙannensa biyu, StaBall Match na harsasai irin su .308, da StaBall HD na manyan harsasai. Ban taɓa su ba tukuna.

Akwai maganar da ta fi damuna. Wani ɗan'uwa daga gida ya ga hoton kwalbar, ya ce in riƙo masa don adakarsa. Na ce masa a'a, har abada. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta bar mutum ya haɗa harsashi a gida ba. Ko da ta bari, albarushi marar hayaƙi irin wannan yana tayar da matsin da ya ninka na baƙin albarushi, kuma bututun da maƙerin ƙauye ya ƙera ba zai ɗauka ba. Tarwatsewa zai yi a fuskar mai riƙe da shi. Na sa ya yi mini alkawarin faɗa wa sauran maharban unguwarmu.

H4350 na nan a kan kanta, zan riƙa komawa gare shi in ina gwajin nesa. Amma na farautar bana, na riga na sayi kwalba ta biyu ta StaBall.