Daura ko Dutsin-Ma: ina ya kamata a kai yara hutu?

Hajiya, tambayarki ita ce kina son kawo yaranki da suka tashi a Legas su ga rayuwar karkara, noma da aikin itace, kuma kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin Daura da Dutsin-Ma. Daga Katsina duka biyun tafiyar yini ce, a je a dawo: Daura na gabas, kimanin kilomita 80, Dutsin-Ma na kudu, kimanin 60. Amma abin da ido zai gani a wuraren biyu ya sha bamban.

Bari in fara kawar da maganar katako, don kada ki zo da dogon buri. Babu ɗayansu da yake garin yankan katako. Wanda kike gani jibge a 'yan katako daga kudu ake lodo shi, irin su Edo da Ondo. Namu aikin itacen na masassaƙa ne: turmi da taɓarya, ƙotar fartanya, akushi, allon karatu, sai azarar giginya ta rufin soro. A nan Dutsin-Ma ta fi, domin tana kusa da dazukan Runka da Rugu, itatuwa irin su kirya da marke da ɗorawa sun fi samuwa. Ki sa a kai yaran gindin bishiyar da masassaƙi yake aiki. Zai taka gungumen kirya da ƙafa, yana sara da gizago, ɓawon na tashi, har cikin turmin ya fito. Yaro zai yi awa guda tsugune bai nemi waya ba. A ƙasar Daura kuwa itacen da za su fi gani shi ne wanda aka dasa, layin bedi da aka jera don tare iska da kwararowar hamada.

Ta fuskar noma ma haka. Daura jigawa ce, ƙasar gero da wake da gyaɗa da riɗi. Da damina gonakin suna da kyau, kuma akwai abin nuna wa yaro: gawo, wanda ke zubar da ganyensa lokacin da kowace bishiya take kore, shi ya sa manomi ba ya sare shi, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe tsawo. Amma da an yi girbi sai kara da rairayi. Dutsin-Ma tana da madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, wadda aka kammala a 1983, don haka da rani ma akwai kore: tumatir, albasa, tattasai, masara, ga masunta da kwale-kwalensu, ga kifi ana soyawa. Idan noma zalla kike son su gani tsakanin Disamba da Maris, Zobe ta fi Daura nesa ba kusa ba.

To amma Daura tana da abin da babu shi a ko'ina. Rijiyar Kusugu tana nan cikin gari, an gina mata ɗaki, ana zura guga a jawo ruwa, baƙo ya sha. A nan mai kula da wurin zai ba su labarin Bayajidda da macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da auren Daurama, da yadda aka samu Hausa Bakwai. Yaran da suka karanta wannan a makaranta suna ɗauka tatsuniya ce kawai, sai ga rijiyar a gabansu. Daga nan fadar Sarki ba nisa, Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan gado tun 2007. In kin daidaita zuwanki da watan Maulidi, za ki tarar da Sallar Gani, hawan da Daurawa ba sa wasa da shi. A garin ne kuma aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a watan Yulin 2025.

Shawarata ki sa ranar Lahadi a cikin tafiyar, saboda kasuwar Mai'aduwa da ke gaba kaɗan, dab da iyakar Nijar. Raƙuma, shanu, manyan raguna, dillalai na ciniki da hannu cikin hannu. Ki riƙe ƙananan da kyau a kara, sa ba ya sanin ɗan birni. A hanyar dawowa, in akwai sauran rana, a ƙasar Mani akwai Durɓi ta Kusheyi, tsoffin kaburburan sarakunan Katsina na farko, da aka fara tonawa a 1907. Wurin ba shi da wani ado, tuddai ne, sai wanda tarihi ya dama.

Sai maganar da ba a so a faɗa. Dazukan da suka ba Dutsin-Ma itace su ne suka zama maɓoyar 'yan bindiga shekarun nan, ƙauyukan wajen Safana da Batsari sun ɗanɗana. Cikin garin ana harkoki, ga jami'ar tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, amma fita zuwa bakin dam ko ƙauye ba a yin ta da ka. Sai da ɗan gari, da rana tsaka, bayan an tambayi yadda aka kwana a makon. Daji kuwa kada ma a fara. Hanyar Daura ta fi kwanciyar hankali.

Da ni ce ke, da yara a mota, Daura zan nufa ranar Asabar, a kwana, a wuce Mai'aduwa da safe. Masassaƙa kuma ba a rasa su a kasuwar, ko ba ki ga ana sassaƙar ba za ki samu turmin saya. Zobe a bar ta sai kin samu wanda kika yarda da shi a can.