Babur ko adaidaita? Ka fara duba dokar garin da za ka yi aikin

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda ka ce a cikin birnin Kano za ka ba yaro ya riƙa jan abin hawan yana kawo maka balas, wato kuɗin da direba ke ba mai abin hawa daga cinikin da ya yi, to ka manta da babur, ka sayi adaidaita sahu. Na mallaki duka biyun, kuma ɗaya ne kawai nake tunawa da shi ba tare da cizon yatsa ba.

Babur na fara saya, sabo dal, a ƙarshen 2012, da kuɗin adashin da na ɗauka. Bai yi wata uku a hannuna ba aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari a watan Janairun 2013. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a kan babur a cikin birni, acaɓa ya mutu murus. Yaron da ke ja ya dawo mini da makulli, babur ya koma zaure yana shan ƙura, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Da na gaji da kallonsa na karyar da shi, don a lokacin kowa sayarwa yake, ba mai saye. Dokar nan ba a soke ta ba. Za ka ga an yi sako-sako na wani lokaci, samari sun fara ɗaukar fasinja a lunguna, rana ɗaya a tashi da kame. Kada ganin su ya ruɗe ka.

Ba zan zalunci babur ba, bai shan mai sosai, yana kutsawa cikin cunkoso, kuma a ƙauyen da hanya ta lalace babu kamarsa. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Adaidaita kuwa, ita ta aurar da ƙanena. Shi ne ke ja. Da asuba yakan kwashi yaran gida uku na unguwarmu zuwa makaranta, iyayen na biya a ƙarshen wata, wannan kuɗi ne tabbatacce ko gari ya yi daɗi ko bai yi ba. Daga nan ya wuce Kantin Kwari, inda wata Hajiya mai sarin atamfa ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata kaya sai shi. Na taɓa ganinsa wata rana da damina, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya sauke labulen gefe, mata huɗu a ciki da jaririnsu ba wanda ya jiƙe, masu babura kuwa duk sun fake a gidan mai. A ranar na daina da-na-sanin kuɗin da na zuba. Asalinta ma a Kano don mata aka kawo ta, zamanin Malam Shekarau, lokacin da aka hana su hawa acaɓa, sunan kuma daga shirin A Daidaita Sahu na gwamnatinsa ya samo asali. Har yau mata na cikin masu yawan hawanta.

Amma kada ka ɗauka ita doka ba ta taɓa ta. Tana da nata. Sai ka yi rajista da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, ka karɓi lamba, ka riƙa sabunta izini. A kan harajin naira 100 na kullum 'yan sahu suka yi yajin aiki a 2021, suka sake yi a Janairun 2022 a kan kuɗin izini, gari ya tsaya cik, ma'aikata da ɗalibai suka koma tafiyar ƙasa. A watan Yulin 2022 gwamnatin Ganduje ta hana su zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Hisba ma ta taɓa shelanta hana cakuɗa maza da mata a ciki. Bambancin shi ne, waɗannan dokoki takura suke yi, suna rage ciniki. Ta babur kuwa sana'ar ta kashe gaba ɗaya.

Kuma kowace jiha da tata. Abin da ya halatta a nan, ka tsallaka iyaka ya zama laifi. Abuja ta kori acaɓa daga tsakiyar gari tun 2006, zamanin El-Rufai yana minista. Legas a 2020 ta haɗa da babur da adaidaita ta hana su a wasu ƙananan hukumomi. Don haka in yaronka ya ce zai tafi ci-rani da abin hawanka, ka bincika kafin ka ce to.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa: ka yi hattara da dillalai. Akwai masu ɗauko tsohuwar adaidaita a feshe ta da ruwan ɗorawa, a sa sabon tanti da sabuwar kujera, a ce maka wata shida kacal ta yi a titi. Je da makanikinka, ba nasu ba. Ya tayar da inji da safe yana sanyi, ya duba hayaƙi, ya leƙa ƙasa ya ga ko an yi walda. Ka gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce a takarda, harafi bayan harafi, don na sata na yawo da yawa, kuma wanda aka kama da ita shi ne ɓarawo. Akwai kuma masu sayar da wadda ba su gama biyan kuɗinta ba, sai ka fara aiki mai ita na asali ya zo da 'yan sanda. Wanda ya ce maka takardu na gida, ka ba da kuɗi gobe zai kawo, tashi ka bar wurin. La'ada ma a yanke ta tun kafin a yi ciniki.

In kuɗinka bai kai na sabuwa ba, ka ƙara haƙuri wata biyu ko uku ka cika, ko ka nemi ta hannu wurin wanda ka san gidansa. Yaron da za ka ba kuma a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: nawa ne balas, wa ke juyen baƙin mai, wa ke biyan tara in an kama shi ya karya doka. Ni tarar a kan ƙanena na ɗora ta, shi ya sa ƙarfe tara da rabi na dare ya riga ya shigo da ita gida.