Milimita biyu da wani dattijo ya nuna min a Liyon

Assalamu alaikum mutanen Garwa. Tun ranar da na sa hoton yar karamar motar sojan nan da nake hadawa ake ta kirana, wasu suna tambaya a ina na saya, wasu kuma cewa suke wai har yanzu ban bar wasan mota ba da gemuna. To ba saya nayi ba, da hannuna na yanka komai tun daga shasi har kujerar direba, kuma bari in baku labarin abinda ya same ni a wani shago a nan Liyon ta kasar Faransa, don wata biyar kenan abin bai bar raina ba.

Motar sunanta Berliet GBC 8 KT, ta sojan Faransa ce tun farkon shekarun 1960, kafa shida kuma duka shidan suna ja, tana daukar tan 4, rufin gidan direba na tamfol ne. Duk wanda ya taba tsallaka gadar Ngeli ya shiga Njamena zamanin da sojan Faransa suke can ya san irinta. Ni ina yaro na fara ganinta, lokacin da Kawu yake tuka kamyon daga Gaundare zuwa Kuseri yana daukata in an bamu hutun lekol. Sai da Allah ya kawo ni nan na kama daki a Venisiye da take gefen Liyon sannan na gane ashe a wannan unguwar kamfanin Berliet din yake, kuma ashe a karshen 1959 sun taba tura motoci tara irin yayyen wannan suka ratsa hamadar Tenere tun daga Aljeriya har For Lami, wato Njamena kafin a sake mata suna a 1973. Ranar da naji haka na dawo daga aiki ban kwanta ba, na dauko kwali da gwangwanin madara na fara.

Yadda muka saba nayi ta, da ido. Sati uku ina yi, da ta tashi ni kam ta burge ni. Gam ne ya kare min shine na nade ta a tawul na saka a jaka na tafi wani shago da aka kwatanta min inda ba'a sayar da komai sai kayan hada kananan motoci da jirage. Mai shagon dattijo ne, zai yi sa'an Baffa, ya tambaye ni me zan manna, nace roba da gwangwani, yace in nuna masa. Gaskiya gabana ya fadi, don na san me ake cewa babban mutum in an ganshi da motar gwangwani. Na dai kwance tawul din.

Mutumin nan bai yi dariya ba. Ya sa tabarau, ya share teburi, ya ajiye ta a hankali kamar kwai, sannan yace mushe (wato malam da Faransanci), a wane ma'auni ka yi ta? Ban ma gane tambayar ba. Shine ya zaunar dani yayi min bayani, yace masu hada motocin soja yawanci 1/35 suke bi, ma'ana duk abinda ka auna a jikin motar gaske sai ka raba shi gida 35, mota mai tsawon mita 7 zata dawo santimita 20, kuma komai nata dole ya bi wannan lissafin har kan kusa. Ya dauko wani karfen awo mai baki biyu da suke kira piye a kulis, ya auna tsakanin tayoyin baya, ya bude wani littafi ya duba, yace akwai karin milimita biyu. Nace Baba milimita biyu ai ba'a gani. Yace ninka da 35. Na ninka, santimita 7. Yace to makaniken da ya matsar da aksul santimita 7 a motar gaske zaka bashi motarka?

Kunya ta kama ni sosai, har naji zufa a cikin sanyin nan. Amma bai tsaya nan ba, ya juya motar ya shafa inda na lankwasa gwangwani nayi bonet da murfin taya, ya dade yana kallo, yace wa ya koya maka wannan? Nace ba kowa, a gindin dalbejiya muka koya da kusa da dutse. Ya kira wani abokin cinikinsa daga can ciki yace zo kaga hannu. Jama'a shekarata talatin da takwas, kuma wannan ne karo na farko da wani babba ya kalli abinda na kera yace hannu ne. A gida abinda na sani shine bulala, ranar da Baffa ya taka min wata tirela ta karan dawa da na kwana uku ina yi yace in tashi in tafi makarantar allo, har yau ina jin karar karyewarta.

Sai abu na biyu, wanda shi yafi tsaya min. Na dauki wata karamar na'urar huda mai lantarki ta yuro 60, kusan jaka 40 kenan na sefa, na kai teburi zan biya. Ya dauke ta ya mayar kan kanta. Yace wannan gudunta yayi yawa, narkar maka da roba zata yi, ya miko min wata yar karama da ake murzawa da yatsa ta yuro 9. Mutum da shagonsa, kudi sun zo hannunsa ya ture saboda kayan ba zasu amfane ni ba. Na tuna sau nawa na sayi gam a babbar kasuwa, mai tebur yana rantsuwa da Allah sabo ne, ka iso gida ka huda ka tarar ya daskare kamar dutse, ka koma yace ai kaya in ya fita baya dawowa. Kuma sahu daya muke tsayawa dashi a masallaci. Wannan abin yana min ciwo wallahi, don mu ne muka fi kowa sanin hukuncin algus da tauye mudu.

Robar da suke aiki da ita falle falle ce, fara, ana rubuta kaurinta a jikin leda, 0.25, 0.5, milimita 1, kuma da na sayi nawa karfen awon na gwada duka, abinda aka rubuta shi ne. Ku da kuke gini kun san yadda rodi yake zuwa yanzu, sunan daban kauri daban, haka kwanon rufi. Gam din ma ba manna yake ba, ruwa ne kamar turare, na kamfanin Tamiya na Japan, yana dan narkar da fuskokin biyu su hade su zama abu daya, kamar dai walda.

Dattijon ne ya hada ni da wata kungiya da suke haduwa ranar asabar a wani daki da magajin gari ya basu, yawanci tsofaffi ne yan fansho. Daya daga cikinsu ya tuka irin motar nan yana soja, ya kawo min kwafin littafin gyaranta da zane da awo ya bani kyauta. Daga nan na rushe ta farko na sake daga shasi. Sifirin kadai ya ci min dare hudu, kowane ganye sai ka yanka siririn roba ka lankwasa ka jera daya kan daya, kan kusoshi kuwa sandar roba ake yankawa kanana kamar gero ana dorawa da tsinken hantsaki. Taya bakwai har da safaya, to ba bakwai zaka sassaka ba, daya zaka yi mai kyau ka zuba mata silikon ta zama mazubi, sai ka rika zuba rezin, wani ruwan roba mai daskarewa, kana cirewa. Tamfol kuma takardar goge hanci ce da aka jika da gam din katako da ruwa, in ta bushe sai tayi tattara kamar na gaske. Mu da silifas muke yanka taya da reza, kuma har gobe ina cewa tamu tafi saurin gudu a kasa.

Kar ku dauka komai dadi ne. Kasar nan tana da abin haushi ba kadan ba. Lahadi ce kadai ranar hutuna kuma ranar shagon a kulle yake, sauran ranaku ma sha biyu tayi an rufe sai karfe biyu. Kayi odar abu ta intanet a turo maka sako wai an zo baka nan, alhali kana zaune a daki, sai ka hau bas ka je wani shago ka karba da katin shaida. Karfe goma na dare tayi ba halin ka kunna injin feshin fenti, makwabciyata ta sama ta taba zuro min takarda ta kasan kofa maimakon ta kwankwasa mu gaisa. Daki daya gareni, warin fenti ya cika shi, ka bude taga sanyi ya shigo fentin yaki bushewa. Wanda yafi bata min rai shine wurin zubar da shara na gari, na ga waya da farantan aluminiyam masu kyau an jibge, na sunkuya zan dauki guda ma'aikacin yace haramun ne, abinda ya shigo nan baya fita. Na tsaya ina kallon kayan da zasu ishi makeran kasuwarmu aikin wata guda. A nan kam mun fi su, a Garwa ba abinda yake mutuwa, gwangwani ya zama fitila, taya ta zama guga da takalmi.

Har kura sayar da ita suke a yar kwalba, akwai wadda aka rubuta wa kasar Afirka. Na saya na shafa, bata yi ba. Jar kasar wajen Gaundare daban, farar kurar hunturu da take tasowa daga Bodele ta kasar Cadi ta rufe Kuseri daban, su sun hada mu a kala daya. Alli mai launi na daka na gauraya har sai da ta koma irin wadda take kwanciya a gilashin Kawu, kuma ina gamawa kewar gida ta taso min, na ajiye buroshi na kira Inna.

Abinda nake roko, yaran nan da suke jan motar waya a bakin titi, ku daina korarsu kamar sun yi sata. Ku sai musu ruwla da fensir ku ce su auna kafin su yanka. Ido muna dashi, masu walda da suke kera bodin kamyon a garejojinmu sun isa shaida, awo da rubutawa ne bamu dauka da muhimmanci ba, shi yasa in maigidan gareji ya rasu sai ya tafi da komai a kansa.

Yanzu tirelar ruwa nake yi mata, mai kafa biyu, da zobe a gaba wanda yake shiga kugiyar bayan mota. Bayanta kuma Marsandi 911 nake so inyi irin ta Kawu, da bodin katako, amma anan babu wanda yake da awon wannan bodin don namu ne, kafintocinmu suka kirkiro shi. Don Allah wanda yake kusa da garejin da tsohuwarta take ajiye ya taimaka ya auna min tsawo da fadi da tsayin bodin, da fadin katako daya, da tazarar tsakanin tsayayyun karafa, a santimita, ya hada da hoton gefe da na baya. Motar soja kam kar wanda ya je daukarta hoto saboda ni, kun san halin da ake ciki, tawa na riga na samu awonta a littafi.